Akuyar da Nononta Ya Ƙafe da Wuri

Tun da ka ce ba ka san yadda ake gode wa wanda ba ya gane maganar mutum ba, gyara zama ka ji misalin wani makiyayi.

Aikinsa kiwon awaki ne a wata gonar bincike, can bayan gari. Awakin ba irin na tsakar gida ba ne. Tun kafin a haife su masana suka sa musu wani ɗan abu daga halittar ɗan Adam, saboda haka in an tatse su, a cikin nonon akwai sinadarin da ke hana jinin mutum daskarewa a jijiya. Ba sha ake yi ba. Tacewa ake yi, a sake tacewa, har ya koma ruwan allura. Makiyayin bai yi nisa a boko ba, bai san yadda aka yi aka yi hakan ba. Abin da ya sani shi ne, a dangin matarsa jini kan daskare wa mata wajen haihuwa, yayyenta biyu ma ta nan suka tafi. Da cikinta ya tsufa, likitar gonar ta yi masa hanya, aka yi mata allurar nan a asibiti. Ta sauka lafiya. Ta yi wankan jego, ta yi goyo, ta yaye 'yarta. Shekara huɗu ta ƙara a duniya, sannan wata damina zazzaɓi ya zo ya ɗauke ta cikin kwana uku. Ya yi kuka har idonsa ya kumbura, amma ko a cikin kukan bai manta ba: shekara huɗun nan kyauta ce aka ba shi.

Sai dai shi da yake shiga garke safe da yamma, shi ya ga abin da awakin ke sha. Sinadarin ba a hantsa kaɗai yake tsayawa ba, a wasunsu yakan zurara cikin jininsu. Akwai wata ja mai farin goshi, lamba sha tara a kunnenta. Ita ta fi kowacce nono, ita kuma ta fi kowacce shan wuya. In ƙaya ta karce ta, jinin sai ya yini yana tsattsafowa. Hantsarta ta kumbura ta yi tauri, ko iska ta taɓa sai ta zabura. Nonon ya ɗauke tun ɗanta bai iya cizgar ciyawa ba, da kwalba aka raine shi. Haihuwa uku kacal, ta tsufa kamar wadda ta ga jikokin jikokinta. Dokar gonar kuwa ɗaya ce: akuyar da ta ƙafe ba a sayar da ita, ba a yanka ta a ci, ba a fita da ita waje. Allura ake yi mata ta kwanta, a binne.

Ranar da lambarta ta fito a takardar waɗanda za a yi wa allurar, makiyayin ya tuɓe takalmi a ƙofar ofishin likitar, ya durƙusa. Ya ce, "Ranki ya daɗe, a bar mini ita. Nan cikin gona, bayan rumbun dusa. Cinta da shanta a wuyana." Likitar ta gane inda ya dosa. Ta ce, "Malam, nonon awaki arba'in ake haɗawa wuri guda kafin a tace. Ba mai iya ce maka nata ne ya shiga jikin mai ɗakinka." Ya ce, "To, ai ba mai iya ce mini ba nata ba ne." Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ja layi a kan lambar.

Daga ranar, kullum da sassafe kafin ya fara aikin da aka ɗauke shi dominsa, sai ya share wurin kwanciyarta, ya tsince duk wata ƙaya da hannu. Ya jiƙa tsumma a ruwan ɗumi ya gasa mata hantsa. Ya dama mata dusa da 'yar kanwa, ya rataya mata harawa daidai bakinta don kada ta yi miƙa. Abokan aiki suna tsokanarsa, wai ga angon sha tara, ya auri akuyar da ba nono, ba nama, ba fata. Murmushi kawai yake yi. Su ba su ga abin da yake gani ba in ya koma gida, 'yarsa ta tarye shi da dariya, wushiryar uwarta a bakinta. Shekara biyu akuyar ta ƙara. Wata rana da hantsi ta kwanta a inuwar darbejiya, ta ɗora kai a kan ƙafarsa, ba ta sake tashi ba. Shi ya haƙa mata rami da kansa, a inda likita ta nuna.

Akuyar nan ba ta san ta ba da komai ba, ba ta kuma san abin da ya cinye ta ba. Shi ya sani, kuma bai bar godiyar ta tsaya a baki ba. Dama Hausawa sun ce, yaba kyauta tukwici.