Abin da Likita Ya Ce

Likitan ba ya jin Hausa, don haka 'yar majinyacin ce tafinta tsakaninsa da babanta. Ya ajiye hoton ƙirjin a tebur, ya ce ciwon za su iya "treat", amma ba za su iya "cure" ba.

Ita malamar Turanci ce, ta san kalma ta farko lallaɓa ciwo ce kawai, ta biyun ita ce warkewa.

"Me ya ce, uwata?" tsohon ya tambaya.

Ta dube shi. "Ya ce za ka warke, Baba."

"Alhamdulillahi," ya ce, har da murmushi.

A bakin asibitin ta tsaya neman mota, tana kawar da fuska. Ya kamo hannunta.

"Share hawayenki. Ban yi boko ba, amma kalmomin nan biyu na san su. Su aka faɗa a kan mahaifiyarki kina ƙarama, wata nas ta fassara mini. Na koma gida na ce miki za ta warke."

Ya ɗan matse yatsunta.

"Ke ma kin fi ni ƙoƙari. Ni muryata har rawa ta yi."