Cigiya a Tudun Rairayi

Karo na biyu ke nan Malam Ɗantala yana dawowa gindin aduwar nan, kuma har yanzu babu yaron, babu awakin.

Tun da hantsi ya hau jerin tuddan rairayin da suka kewaye ƙauyensu, arewa da Sule Tankarkar. Ta bisa yake bi, don daga can ake hango kowane kwari. Ya sauka wannan ya hau wancan, sai hanya ta sake zagayo da shi inda ya faro. Ɗansa na fari ya fita kiwo bai dawo ba. Yaron bai ɗauki ruwa ba, ga kuma tsohuwar rijiya marar murfi a kwarin gabas.

Komai ɓata masa rai yake yi. Gwiwoyinsa sun ƙi shi. Wani marar kunya ya shuka gero a tsakiyar burtali ba tare da ya shawarci kowa ba. Can wajen hanyar Maigatari kuma wani dogon ƙarfe ya tsaya ƙiƙam, shi bai ma san ranar da aka kafa shi ba.

Amma abin da ya fi ƙona masa rai shi ne mutumin da ke biye da shi, wani magidanci mai furfura a gemu, riƙe da buta. In ya tsaya, shi ma ya tsaya. Ya kore shi, ya ƙi koruwa. Ya ce masa in aikin yi ya rasa, to ya je ya leƙa masa rijiyar. Mutumin ya amsa a hankali cewa ai an daɗe da cike ta. Malam Ɗantala ya ja dogon tsaki, don ya tsani mai ƙarya da rana tsaka.

Sai kuma mutumin ya kawo shawara, wai ya kira yaron da sunansa, ƙila ya ji. Malam Ɗantala ya dube shi sama da ƙasa. Wane irin marar tarbiyya ne zai sa uba ya ambaci sunan ɗansa na fari? Shi ko a ƙuryar ɗaki bai taɓa yi ba. “Kai” da “yaron nan” sun ishe su zama.

La’asar ta yi sanyi sa’ad da ya rarrafa kan tudu mafi tsawo. Ya kira “kai”, ya kira “yaro”, shiru. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda ba ya barin wurin kunya. Ya tara hannu a baki, ya ƙwala kira.

“Sha’aibu!”

A bayansa buta ta faɗi, ruwa ya bi rairayi. Mai furfurar, wanda kullum yake raka shi wannan zagaye tun da tsufa ya ɗauke wa Malam Ɗantala tunani, bai taɓa jin sunansa a bakin nan ba sai yau. Ya durƙusa, idanunsa cike da hawaye.

“Na’am, Baba.”