Kujerar Baba Bakanike

Giyabos na uku ke nan da injin Yaya ya tauna. Auta ya tsaya a gareji yana kallon haƙoran ƙarfe a cikin baƙin mai, kamar tsakuwa a shinkafa.

Injin kaɗai aka dawo masa da shi daga motar Yaya. An ce a hankali Yaya yake tafe ranar da ya rasu, babbar mota ta bi ta kansa. Auta ya sa aka ɗora injin a tasa ƙaramar motar, don in ya tayar da shi yakan ji kamar Yaya ne ke gyaran murya a ƙofar gida. Sai dai Yaya ya ƙara wa injin ƙarfi fiye da kima, ƙaramin giyabos ba ya iya ɗauka. Da an hau titi sai ƙara, sai turi.

Baba bakanike, aminin mahaifinsu, shi ya yi wa Yaya aikin tun farko. Kullum yana zaune a wuri ɗaya, kan wani katako da aka lulluɓe ƙasansa da buhu, kuma kullum maganar ɗaya ce: babban giyabos ya yi wuya, a ƙara haƙuri. Ko shara yara ke yi ba ya ɗagawa.

"Baba, wanda ka sa wa Yaya daga sama ya faɗo?"

"Wancan ya tafi da mai shi. Kai ka sa wa jaki zuciyar doki, sannan kana zagin ƙafafunsa."

Yaran gareji suka tuntsire. Wata ya bi wata yana zuwa yana komawa a ƙasa, Inna mahaifiyarsu kuwa ko sau ɗaya ba ta yi masa jaje ba.

Ranar da Baba ya tashi yin salla, haƙurin ya ƙare. Auta ya kai wa kujerar nan hauri, ya durƙushe riƙe da yatsa. Ƙarfe ne.

Ya yaye buhun. Babban giyabos ne kwance a gefensa, da sandar giyar da Yaya ya naɗe wa kai da jan zare. Ya kama sandar da hannu biyu ya ja, ta ƙi motsi.

"Inna ce ta ce in zauna a kai," in ji Baba daga bayansa.

Sandar tana nan a cije inda Yaya ya bar ta, a giya ta biyar, ta ƙarshen gudu.