Ƙauyen da Ya Kori Yunwa

"Baba, ɗan yi murmushi," in ji mai kyamara. "Kamar ka ƙoshi."

Tsohon ya washe baki a gaban buhunan da aka jera har sun fi shi tsawo. Yashin rafi ne a ciki, maƙwabcinsa ne ma ya ɗura. Kamfanin da ke gyara wa attajirai suna a jarida ya turo mai kyamarar da yaransa, domin wani Alhaji dillalin taki. Gero tiya guda suka barbaɗa a bakin buhu, da za su tafi suka kwashe abinsu.

Jaridu suka buga cewa takin Alhaji ya kori yunwa a ƙauyen. Rediyo ta ɗauka.

Ranar rabon tallafin hatsi, motar ba ta tsaya ba. Jami'in ya leƙo ta taga: "Ai ku sai dai ku taimaka mana!"

Tsohon ya koma wajen jikokinsa hannu rabbana. A ƙofar gida ya tarar da maƙwabcin riƙe da ƙwarya.

"Malam, a sam mana daga buhunan nan."

"Ba kai ka ɗura yashin ba?"

"Ni ne. To amma har rediyo ta faɗa."