Ƙarar Motar Alhaji Aƙilu

Kwana huɗu ke nan Sada yana kwance ƙarƙashin jar motar nan, ƙasa na zubo masa a ido, amma ƙarar ta ƙi nuna maɓoyarta.

Motar ba ta dace da hanyoyin Funtuwa ba ko kaɗan. Kujera biyu gare ta, ba rufi, cikinta na jan ƙasa kamar ƙadangare. Wani Baturen auduga ne ya ci moriyarta, da zai koma gida bayan an sami mulkin kai ya sayar wa Alhaji Aƙilu, dillalin auduga mai manyan motoci shida. Tun a lokacin ta tsufa, amma Alhaji ya fi ji da ita a kan duka shidan, don in ya wuce sai an waiga.

Yanzu ga ta da ciwo. Da zarar ƙafar baya ta faɗa rami sai ka ji ƙwal, ƙwal, ƙarfe na taɓa ƙarfe.

"Tun ranar da na taka wata akuya a hanyar Malumfashi take wannan iskanci," in ji Alhaji ranar da ya kawo ta. "Ka kashe mini ƙarar nan kafin Juma'a, Maraya, ka zama babban makanikin motocina. In ka kasa, akwai wani a Zariya."

Maraya shi ne sunan da gari ya san Sada da shi. Shekara tara da suka wuce ya iso Funtuwa da riga ɗaya, ya ce iyayensa sun rasu, ba wa ba ƙane. Sunan ya yi masa rana. Alhaji mutum ne mai bin diddigin asali, ko direba zai ɗauka sai ya ji limamin da ya raɗa masa suna, amma maraya ba a tsananta masa tambaya. Shekara tara Sada yana shan baƙin mai saboda rana irin wannan, kuma bai ga abin da zai sa ta kuɓuce masa ba.

Ya fara da sifirin, ƙarafan nan masu tare wa mota girgiza. Ya warware ganyayensa, ya kankare tsatsa, ya shafa giris, ya mayar. Aka zagaya da motar, ƙwal, ƙwal. Ya sake robobin da suka cinye, ya yanko sababbi daga tsohuwar taya. Ya ɗura wa shokazoba mai. Ya ɗaure bututun hayaƙi, ya bi kowane noti da sifana har hannunsa ya yi kanta. Abin haushi, ƙarƙashin motar tas yake, don Alhaji, wanda ko butarsa ba ya ɗauka da kansa, shi ya wanke ta da hannunsa washegarin ranar da ya taka akuyar. Ƙarar kuwa tana nan, tana sosa wa Sada wani wuri a rai da ya kasa gane ko ina ne.

Abu ɗaya ya yi masa daɗi a kwanakin nan: Tani ba ta zo ba.

Tani wata tsohuwar Bamagujiya ce daga Gozaki, mai kawo masa daddawa da ɗan gero kowace ranar kasuwa. Ya gaya wa abokan aikinsa mai talla ce, irin masu nacin nan. Sau ɗaya ta taɓa shigowa gareji Alhaji yana nan, mundayen ƙarfe biyu na hannunta suna shelar zuwanta tun daga bakin ƙofa. Sada ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya ja ta gefe.

"Tsohuwa, kada ki ƙara shigowa nan. Ki riƙa tsayawa gindin tsamiyar bayan gari, bakin hanyar Malumfashi, ni zan zo in same ki."

"To, yadda ka ce," in ji ta.

Haka ta riƙa yi, rani da damina. Zuwanta na ƙarshe aiki ya sha masa kai, ya ce bari ya gama, har rana ta faɗi bai je ba. Tun daga nan kasuwa biyu ba ta zo ba. Fushi take yi, ya ce a ransa, gaba ma ta kai shi. Ko shekaranjiya da wani baƙauye ya zo gareji wujiga-wujiga yana cigiyar wani wai shi Baƙo, Sada na ji daga ƙarƙashin mota ya yi lamo, har aka ce wa mutumin babu mai wannan suna a nan.

Ranar Alhamis da hantsi ya yanke shawarar sauke tankin mai, don nan kaɗai ya rage. Da tankin ya sauko, ya zura hannu cikin lungun da ruwan wanki bai kai ba, ya shafo wani abu rataye a bututun birki, yana lilo. Ya taɓa shi, abin ya bugi ƙarfen mota. Ƙwal.

Ya ɓamɓaro shi ya fito haske. Munduwa ce ta baƙin ƙarfe, ta buɗe baki saboda ƙarfin fizga, da ɗan zaren baƙin saƙi a maƙale. Ƙirar ba ta yi kyau ba, gefe ɗaya ya fi kauri, ka san hannun ɗan koyo ne. Kusa da bakinta akwai tsaga uku a karkace.

Daidai lokacin Alhaji ya shigo yana baza babbar riga. "Maraya! Ka kama ɓarauniyar?"

Sada ya damƙe munduwar a tafin hannunsa. Shekara tara yana amsa sunan nan bisa ƙarya, tun ranar da ya bar Gozaki yana Baƙo ɗan maƙeri, wanda ya ƙera wa uwarsa Tani munduwar nan da hannunsa, kuma ya zaɓa mata bakin hanyar da za ta riƙa jiransa.