Fanka ko Karfasa

Tun da aka kafa dokar rabon wuta, kowane aji a makarantun Yawuri yana da kududdufin kifinsa da wayar lantarki guda ɗaya. Ko a kunna fanka, ko injin da ke hura wa kifi iska. Wutar ba ta ɗaukar biyu.

Ranar Talata rana ta ƙwalle, karfasa suka taso sama suna buɗe baki.

Malam Barau ya ce, "In ba iska, kafin la'asar sun mutu. To 'yan aji huɗu, ku ko su?"

"Malam, su fa a ruwa suke!" in ji Tanko, yana fifita da littafi.

Ladidi ta ce, "Ranar gashi kai ke fara miƙo kwano, Sarkin Ci."

Aji ya ɗauki shewa. Tanko da kansa ya kashe fankar. Suka tsugunna bakin kududdufi, gumi na zuba, suna tafi har kifayen suka koma ƙasa.

Ladidi ta tambaya, "Malam, lokacin da kifi ke cikin kogi, wa ke hura musu iska?"

"Ba kowa."

Yara suka kwashe da dariya. "Kai, Malam akwai zolaya!"