Mai Lambu da Idon Ruwan Kan Dutse

Ɗan dakata, ƙanena, kafin ka je ka yi faɗan nan, zauna ka saurari wani misali.

An yi wani mai lambu a gindin wani dogon dutse, yana noman albasa da ruwan da ke gangarowa daga can sama ta wata tsaga. Tun zamanin kakansa ruwan bai taɓa yankewa ba, sai wata shekara bayan damina ta ɗauke ya wayi gari magudanar ta bushe ƙayau. Albasa ta fara kwanciya. Masu kiwon awaki suka ce masa mutanen ƙauyen bayan dutse ne suka karkatar da ruwan wajensu, wani maharbi ma ya rantse ya hango su da diga. Magana ta yi ta yawo har ta yi kauri. Aka daina gaisawa da mutanen bayan dutse a kasuwa, ƙannen mai lambu kuwa suka fara zancen a ɗauki sanduna a zagaya musu. Shi dai mai lambu bai biye musu ba. Ya bi masu ba da labarin ɗaya bayan ɗaya yana tambaya ko akwai wanda ya taka har idon ruwan, bai sami ko mutum ɗaya ba. Washegari bayan sallar asuba ya ɗauki sanda da gorar ruwa da ɗan ƙuli-ƙuli ya kama hawa, ga shi ya haura hamsin, gwiwa ɗaya kuma tana damunsa.

Da fari hanyar awaki ya bi, cikin ƙaya da tsakuwa mai zamewa. Da hantsi hanyar ta ƙare, sai falalen dutse a miƙe. Ya tuɓe takalma ya rataya a wuya, yana dafawa da hannu, yana laluben inda yatsun ƙafa za su kama. Rana ta gasa dutsen har tafin hannunsa ya yi bororo. Sau biyu yana zaton ya kai, sai ya tarar da wani tudun a gabansa. Ya zauna ƙarƙashin wani gamji da ya tsiro cikin tsaga, ya leƙa ƙasa ya ga lambunsa bai fi tabarma ba, har ya yi tunanin komawa. Ya kurɓi ruwa, ya ci gaba. Azahar ta gota kafin ya kai ƙololuwa. Can ya sami idon ruwan yana ɓuɓɓuga lafiya lau, sai dai wani ƙaton dutse ya ɓalle da damina ya faɗa bakin tsagar, laka da ganye suka taru suka toshe ta, ruwan ya juya yana malala ta ɗaya gefen. Babu sawun diga, babu na mutum, sai kashin rema.

Yana tsaye sai ya ji motsin tsakuwa, ga wani dattijo ya ɓullo ta bayan dutsen yana haki.

"Sannu da hawa," in ji mai lambu.

"Yauwa, sannunmu. Kai ma ruwan ne ya hawo da kai?"

Ashe dattijon mutumin ƙauyen bayan dutse ne, ruwan ya kwanta masa a gona ya ruɓar da rogonsa, shi ma an ce masa mutanen gaban dutse ne suka sako musu shi da gangan. Suka yi alwala a idon ruwan, suka yi azahar tare, suka raba ƙuli-ƙulin. Dutsen ya fi ƙarfin mutum biyu, don haka suka durƙusa suna tonon lakar da ke ƙarƙashinsa da sanda da hannu, har ruwan ya sami tsohuwar hanyarsa.

Saukowa ta fi hawa wuya, rabinta da jan gindi ya yi. Dab da magariba ya iso, ya tarar ruwan ya riga shi zuwa, ƙannensa suna ta buɗe wa ruwan hanya zuwa fangalin albasa. Rabin albasar ya riga ya mutu, rabi ya tashi, ba a kuwa fasa kan kowa ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, gani ya kori ji.